Kwana 19 Ba a Ɗaga Labule Ba: 'Yan Wasan Broadway da Yajin Aikin da Ba Nasu Ba



Idan ana maganar yajin aiki, yawanci ɓangare biyu ake kallo: wanda ya ajiye aiki da wanda aka ajiye wa. To akwai na uku, wanda bai kaɗa ƙuri'ar tafiya yajin ba, ba a kuma gayyace shi teburin sulhu ba, amma girkin gidansa ne yake fara tsayawa. Sharhinmu na yau a kansa zai tsaya. Za mu neme shi a birnin New York na Amurka, a unguwar gidajen wasan kwaikwayo da ake kira Broadway, cikin watan Nuwamban 2007.

Ba fim ake yi a Broadway ba. Wasa ne na ga-ni-ga-ka: mutum ya sayi tikiti, ya zauna a kujera, a ɗaga labule, 'yan wasa su fito su yi a gaban idonsa, gobe kuma su sake faro shi daga tushe don wasu 'yan kallon. Gidajen sun kai kusan 40, kowanne yana da kujera 500 ko fiye, kuma ana yin wasa sau 8 a mako, galibi a huta ranar Litinin. Bayan wancan labulen akwai wata runduna da ɗan kallo ba ya gani: kafintoci, masu haɗa fitilu, masu kula da sauti, masu jan igiyoyin da ke ɗaga bango da sauke shi, masu ajiye wa ɗan wasa takobi ko kofin shayi a daidai inda hannunsa zai kai cikin duhu. Ƙungiyarsu ana kiranta Local One, an kafa ta tun 1886, kuma ta shekara 121 ba ta taɓa yi wa Broadway yajin aiki na ƙashin kanta ba.

Kwantiraginsu da ƙungiyar masu gidajen wasa da furodusoshi ya ƙare a ƙarshen Yulin 2007. Jigon rigimar shi ne mutum nawa ya wajaba a ɗauka aiki, musamman a makonnin da ake shigo da kayan sabon wasa ana kafa su a kan dandamali. Furodusoshi suka ce tsofaffin ƙa'idoji suna tilasta musu biyan mutanen da babu aikin da za su yi. Ma'aikata suka ce ƙa'idojin nan ba kyauta aka ba su ba, da wasu haƙƙoƙi suka musanya su shekara da shekaru, wanda ke son karɓe su sai ya kawo abin da ya yi daidai da su. Aka yi ta ja-in-ja. Safiyar Asabar 10 ga Nuwamba, ma'aikatan suka fito da kwalaye suka tsaya a ƙofofi. Wasan da ya fara cin karo da yajin na yara ne, How the Grinch Stole Christmas, wanda za a fara da ƙarfe 11 na safe a gidan wasa na St. James. Iyaye sun riƙo hannun 'ya'yansu, tikiti a aljihu, suka tarar da ƙofa a rufe. Kafin dare wasanni 27 sun tsaya. Guda 8 ne kacal suka ci gaba, su ma don gidajensu suna da wata yarjejeniya ta daban.

To, ina ɗan wasa a cikin wannan?

A al'adar sana'ar, saura rabin awa a ɗaga labule dole kowane ɗan wasa ya iso ta ƙofar baya, ya sa hannu a takardar da ke manne a allo, don manajan dandamali ya san kowa ya hallara. Da yajin ya fara, ƙungiyar 'yan wasa, wato Actors' Equity, ta umarci 'ya'yanta su ci gaba da zuwa a kan lokaci suna sa hannu. Hikimar ita ce kada wani ya ce ɗan wasa ne ya ƙi aiki: ya zo, a shirye yake, gidan ne babu halin yin wasa. Sai ka ga mutumin da a daidai wannan lokacin ya saba zama gaban madubi ana shafa masa kwalliya, yau yana tsaye a bakin titi cikin rigar sanyi, ya sa hannu a takarda, ya juya ya shiga sahun masu kwalaye yana zagaye da su. Sau 8 a mako, kamar dai ana wasan, sai dai babu tafi, babu albashi.

Mutane suna jin Broadway sai su ɗauka kowa a can attajiri ne. Taurarin da sunansu ke saman allo, su kam ba a tausaya musu. Amma mafi yawan waɗanda ke kan dandamali 'yan amshi ne da 'yan rawa da 'yan ko-ta-kwana masu jiran wani ya yi rashin lafiya su maye gurbinsa. Mafi ƙarancin albashi a lokacin kimanin dala 1,500 ne a mako. A kunne kuɗi ne masu yawa. Cire haraji, cire kason wakilin da ya samo maka aikin, cire kuɗin ƙungiya, sannan ka biya hayar ɗaki a birnin da haya ke cinye mutum da ransa. Ka kuma tuna cewa ɗan wasa ba ma'aikacin gwamnati ba ne. Wasa yana iya rufewa bayan sanarwar mako ɗaya, ɗan wasan ya koma yawon gwajin neman wani, wata da watanni. Abin da ya samu a shekarar da yake da aiki, da shi zai ci a shekarar da ba shi da shi. Har inshorar lafiyarsa da yawan makonnin da ya yi aiki ake lissafa ta, saboda haka mako ya wuce ba wasa, ba aljihu kaɗai ya taɓa ba.

Wani ƙarin gishiri a kan ciwo: kwana 5 kafin wannan yajin, ranar 5 ga Nuwamba, marubutan fim da talabijin na Amurka su ma sun ajiye alƙalami, yajin da ya kai su har Fabrairun 2008. Ɗan wasan dandamali a New York idan abu ya tsaya masa, talabijin yake leƙawa ya samu ɗan fitowa ta kwana ɗaya ko biyu. Wannan ƙofar ma ta fara rufewa a daidai lokacin. Abin da ya rage shi ne abin da 'yan wasa suka saba da shi tun fil'azal: aikin gidan abinci, koyar da waƙa ko rawa, ɗan abin da aka ajiye, da kuma asusun agaji irin su Actors Fund, wanda tun 1882 yake tallafa wa mutanen sana'ar idan ta kife musu.

Akwai abin da ya sa yajin aiki a gidan wasa ya fi ciwo a kan na masana'anta ko ma na fim. Fim idan aka dakatar da ɗauka, labarin yana nan, kyamara tana nan, a dawo a ɗora daga inda aka tsaya, kuma a sayar da shi baɗi. Wasan dandamali kuwa tamkar motar haya ce da ta tashi daga tasha: kujerar da ta tafi babu fasinja ta tafi ke nan, ba a sayar da ita gobe. Ga shi yajin ya faɗo a makon bikin godiya na Amurkawa, wanda a shekarar ya kama 22 ga Nuwamba, ɗaya daga cikin makonni mafi ciniki a duk shekara, lokacin da baƙi ke cika birnin. An zauna tattaunawa ranakun 17 da 18 ga wata, zaman ya watse, furodusoshi suka soke wasanni har zuwa 25. Ofishin mai binciken kuɗi na birnin ya ƙiyasta asarar dala miliyan 2 a kowace rana, idan aka haɗa da masu gidajen abinci da otal-otal da direbobin tasi. Magajin gari Michael Bloomberg ya yi tayin shiga tsakani, ƙungiyar ma'aikata ta ce a bar su su ƙarata da kansu.

Wasan yaran nan na Grinch shi ne ya fi shiga tsaka mai wuya, domin na lokacin Kirsimeti ne, 'yan makonni kawai yake da su. Ma'aikata suka yarda su janye daga ƙofarsa tunda yana da tasa yarjejeniyar, sai masu gidan suka ce ba za su buɗe ba sai an gama rigimar baki ɗaya. Sai da wata alƙaliya, Helen Freedman, ta ba da umarni, aka buɗe ranar 23 ga wata.

Kuɗi dai kowa ya san zafinsu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da zaman banza ke yi wa jikin ɗan wasa. Kayan aikinsa muryarsa ce da ƙafafunsa da haddarsa. Mawaƙin da ke ɗaga murya sau 8 a mako, idan ya yi mako biyu bai yi ba, maƙogwaro yakan yi nauyi, numfashi ya gajarta. Tsayuwa cikin sanyin Nuwamba ana kirari da kwalaye kuma ba abokiyar murya ba ce. Ɗan rawa a wasa irin The Lion King, wanda ke ɗauke da siffar dabba a ka ko a kafaɗa yana tsalle da ita, ba ya iya kwanciya ya jira a kira shi. Dole ya ci gaba da zuwa ajin rawa da kuɗin aljihunsa a lokacin da babu abin da ke shigowa aljihun. Ita kuwa hadda, ba kalmomi ne kaɗai ba. Wasa yana zaune ne a cikin ƙafa da numfashi: taku nawa daga ƙofa zuwa tebur, daƙiƙa nawa za ka jira dariyar 'yan kallo ta lafa kafin ka furta layi na gaba. Wannan ba a tsare shi a ɗaki kai kaɗai. Shi ya sa 'yan wasa kan taru a falon wani su yi ta jefa wa juna layuka da sauri, ba motsi ba kwalliya, don kada abin ya yi tsatsa. Kuma babu wanda ya san ranar komawa. Da an ce wata guda ne, da mutum ya kama wani aikin ko ya tafi ganin gida. Amma kullum ana cewa wataƙila gobe.

Waɗanda suka fi ban tausayi su ne masu sabon wasa. Rock 'n' Roll na Tom Stoppard, wanda manyan 'yan wasansa suka taso daga Landan, kwana 6 ke nan da buɗe shi aka rufe ƙofa. The Farnsworth Invention na Aaron Sorkin saura kwana 4 a buɗe shi. Sai kuma August: Osage County na Tracy Letts, wanda 'yan kamfanin Steppenwolf suka kawo daga Chicago, wasa mai ɗaukar fiye da awa 3, ana cikin nunin share fage ana shirin buɗe shi 20 ga Nuwamba. A cikin 'yan wasan akwai mahaifin marubucin, Dennis Letts, tsohon malamin jami'a daga jihar Oklahoma, mai shekara 73. Shi ke fitowa a matsayin uban gidan da labarin ke kewayawa, kuma wannan ne hawansa na farko dandamalin Broadway. Kafin ya taho likitoci sun riga sun gaya masa yana da sankarar huhu. Ya zo da ita, yana karɓar magani yana wasa. Mai sauraro, ka auna abin da kwana 19 ke nufi ga mutum irin wannan. An buɗe wasan ranar 4 ga Disamba, ya yi ta fitowa har cikin Janairu, ya rasu a Fabrairun 2008. Bayan 'yan watanni wasan ya ci lambar Pulitzer da ta Tony.

Duk da wannan, me ya sa 'yan wasa suka tsaya tare da waɗanda suka jawo musu rashin albashi? Ba don furodusoshi ba su da hujja ba. Suna da ita: mafi yawan wasannin Broadway ba sa mayar da uwar kuɗi, kuma wanda ya zuba miliyoyi yana da haƙƙin tambayar inda kowace dala ta shiga. Ba kuma za a rasa ɗan wasan da ya riƙe kwali da hannu zuciyarsa tana ƙuna ba. Amma akwai tsohon bashi a tsakani.

Kafin a kafa Actors' Equity a 1913, inda 'yan wasa 112 suka taru suka aza harsashinta, ɗan wasa a Amurka ba shi da gata. Yakan yi makonni yana gwajin wasa ba ko sisi. Mata sukan sayi tufafin wasa da kuɗinsu. Idan wasa ya karye a wani gari mai nisa, manaja ya sulale ya bar su ba kuɗin jirgin komawa gida. Ranar 7 ga Agustan 1919 suka tafi yajin aiki. Manajoji suka yi dariya, suka ce ɗan wasa ba lebura ba ne, ba zai jure ba. Shahararren ɗan wasa kuma furodusa George M. Cohan har wata ƙungiyar kishiya ya jagoranta don ya karya su. 'Yan wasan suka yi abin da suka iya: suka shirya wasannin tara kuɗi a wani gidan wasa da ke titin Lexington, taurari irin su Ethel Barrymore suka fito, Marie Dressler ta haɗa kan 'yan amshi. Amma abin da ya karya gwiwar manajoji shi ne lokacin da ma'aikatan bayan labule da makaɗa suka ajiye aiki don mara musu baya. Manaja yana iya nemo wani ya haddace layi cikin kwana biyu, amma ba shi da yadda zai yi da gidan da babu mai kunna fitila. Cikin kwana 30 yajin ya bazu zuwa birane 8, ya rufe wasanni 37, ya hana buɗe wasu 16. Manajoji suka sa hannu, suka amince da ƙungiyar, 'ya'yanta suka tashi daga ƙasa da 3,000 zuwa wajen 14,000.

An sake gwada wannan zumunci a Maris ɗin 2003, da makaɗa suka yi yaji kan yawan mutanen da za a ajiye a ramin kiɗa, wato wurin zaman makaɗa a gaban dandamali. Furodusoshi sun tanadi na'urar kwamfuta da za ta yi kiɗan a madadinsu. 'Yan wasa da ma'aikatan bayan labule suka ce ba za su ƙetare sahun 'yan'uwansu su shiga ba. Wasanni 18 suka tsaya, cikin kwana 4 aka sasanta. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin da ake cewa ka yi wa naka.

Bayan tarihi ma, akwai dalilin da ya fi kusa da fata. A Wicked, ana ɗaga jarumar sama tana tsakiyar waƙa. A The Phantom of the Opera, wata ƙatuwar fitila ce ke rikitowa daga rufi ta bi ta saman kawunan 'yan kallo zuwa dandamali. Ƙasa tana buɗewa, bango mai nauyin gaske yana saukowa cikin duhu a tazarar taku ɗaya daga inda mutum yake tsaye. Duk wannan a hannun wani yake wanda ɗan wasan ya san sunansa, ya san 'ya'yansa. Idan abin ya kuskure ba wasa ba ne: a Disambar 2010, a wasan Spider-Man, wani ɗan wasa ya faɗo daga tsayin da ya haura ƙafa 20 a gaban jama'a saboda igiyar tsaronsa ba ta ɗaure yadda ya kamata ba, ya karye a wurare da dama. Wanda zai miƙa wuyansa ga mutum kowane dare ba ya son a rage masu riƙe igiya barkatai, ba ya kuma son ranar komawa aiki ta zo ya kasa haɗa ido da shi. A ganina 'yan wasan sun yi daidai, kuma lissafi ne suka yi, ba kara ba.

An koma teburi ranar 25 ga Nuwamba, aka yi ta kwana ana magana. Daren Laraba 28 ga wata aka sanar da an daidaita: furodusoshi sun samu sassauci kan yawan ma'aikata da tsarin aiki, ma'aikata sun samu ƙarin albashi. Aka ce gobe Alhamis a ɗaga labule.

Ko awa 24 ba a ba su ba. Nan ne wahalar komawa take. Injinan da suka yi kusan mako uku a kashe sai an gwada su ɗaya bayan ɗaya. Masu kula da tufafi da gashin kanti su kwaso komai su kakkaɓe su goge. 'Yan wasa su taru da rana a yi bitar gaggawa, a sake bin kowace rawa da kowane faɗa a hankali, domin takobin wasa ma yana fasa goshi idan hannu ya manta tazara. Sannan da daddare a fito a yi kamar jiya aka rabu. Ɗan kallon da ya biya dala 100 bai zo jin uzuri ba.

Su kansu 'yan kallon sai da aka yi zawarcinsu, domin an riga an mayar wa dubban mutane kuɗinsu, baƙi sun koma garuruwansu. Wani wasa mai suna Chicago ya karya tikitin daren farko zuwa dala 26 da rabi don gidan ya cika. Ranar 30 ga wata aka shirya wani taron waƙoƙi kyauta a gidan wasa na Marquis don shelar cewa an dawo. Sababbin wasannin da suka maƙale kuwa sai suka yi cincirindo a farkon Disamba: na Sorkin ranar 3, na Letts ranar 4, The Seafarer ranar 6, Is He Dead? na Mark Twain ranar 9, kowa yana neman masu sharhin jaridu su waiwaye shi. The Little Mermaid na kamfanin Disney, wanda aka sa za a buɗe 6 ga Disamba, sai da ya kai 10 ga Janairu.

Ranar 9 ga Disamba 'ya'yan Local One suka kaɗa ƙuri'a suka amince da yarjejeniyar ta shekara 5. Babu layi ko ɗaya a cikinta da ya ƙara wa ɗan wasa albashi. Nasu kwantiragin ya ƙare a tsakiyar 2008, suka zauna da waɗannan furodusoshin da suka ga gidajensu a rufe kwana 19, aka daidaita ba tare da an rufe ko ƙofa ɗaya ba.